Zogale a Madadin Nama: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Sa Hannu

Garin Jiwa, da ke Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye ta Abuja, wato AMAC, yana zaune ne tsakanin wurare biyu da suka shafi abin da ke shiga tukunyar jama'a. Ta gefe guda akwai Dei-Dei mai kasuwar dabbobi da mayanka, inda naman da ake ci a unguwanni da dama na babban birnin tarayya yake fitowa. Ta ɗaya gefen akwai Idu, inda Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, take da ɗakunan gwaje-gwajenta. A tsakani kuwa, a Jiwa da Gwagwa da Karmo, akwai ɗimbin ƙananan ma'aikatan gwamnatin tarayya, da direbobi da masinjoji da masu gadi, waɗanda kuɗin haya a cikin gari ya koro su. Maƙwabtaka da mayanka ba ta sa nama ya yi musu araha ba. A ƙarshen shekarar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, sun nuna cewa matsakaicin farashin kilo guda na naman sa marar ƙashi ya haura Naira 5,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin wannan shekarar, yake Naira 70,000.

Hukumar ta NBS tana fitar da wani lissafi da ya fi wannan tayar da hankali, wato mafi ƙarancin kuɗin da babban mutum zai kashe a yini don ya ci abinci mai gina jiki. A watan Yunin 2024, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, lissafin ya tsaya a Naira 1,241. Idan aka ninka shi sau talatin, aka kuma haɗa miji da mata kawai, ba a ma sa yara ba, kuɗin ya zarce Naira 74,000, ya wuce albashin gaba ɗaya. Kimanin kashi ɗaya bisa uku na wannan kuɗi yana tafiya ne a kan abincin da ke fitowa daga dabbobi, nama da kifi da ƙwai da madara, kuma shi ne rukunin da ya fi kowanne tsada. Don haka shi ake fara sokewa idan aljihu ya yi zafi.

A cikin wannan matsi ne wata magana ta samu gindin zama a WhatsApp da Facebook, da bakin masu tallar garin ganye a ƙofofin ma'aikatu: wai zogale ya ishi mutum, furotin ɗin da ke cikinsa ya kai na nama ko ya fi, wanda ya samu garinsa ba ya bukatar mahauci. Magana ce mai daɗin ji ga magidancin da ya kwana biyu bai sayi tsoka ba. Ta fi daɗin ji ga jami'in da aka ba shi kasafi ƙarami aka ce ya ciyar da yara masu yawa. Wannan jarida tana ganin cewa zogale yana cikin mafi darajar ganyayen da ake ci a ƙasar nan, ya kuma cancanci a shuka shi a kowane gida, amma ɗora shi a kujerar nama kuskure ne a lissafi, kuma idan kuskuren ya shiga takardar gwamnati, ƙananan yara ne za su biya kuɗinsa da jikinsu.

Dole a fara ba wa zogale haƙƙinsa. Asalinsa daga arewacin Indiya ne, amma ya daɗe a ƙasar Hausa har ya tara sunaye: zogale-gandi, bagaruwar Makka, a Nijar kuma tamaka. Ba ya son wahala. Reshe ake kafawa ya kama, a yi danga da shi, yana jure fari, cikin 'yan watanni ya fara ba da ganye. A giram 100 na ɗanyen ganyensa akwai furotin tsakanin giram 6 zuwa 9, gwargwadon jadawalin abincin da aka duba, abin da ya ninka na alayyafo da kabeji. Jadawalin Ma'aikatar Noma ta Amurka ya ba shi miligiram 185 na kalsiyam, da miligiram 4 na sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kimanin miligiram 52 na bitamin C, ga kuma sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A mai yawan gaske. Idan aka shanya ganyen aka daka, ruwa ya fita, furotin ɗin yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyin garin. Dukkan amino asid ɗin da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa suna cikinsa, har da laisin, wanda gero da dawa da masara suke da ƙarancinsa. Wannan ya sa miyar zogale a kan tuwon dawa haɗi ne mai ma'ana ta fuskar kimiyya.

Daga wannan adadi na kashi 25 zuwa 30 ne ruɗanin yake tasowa. Dafaffen naman sa marar kitse yana da kimanin giram 26 na furotin a kowane giram 100. Mai talla sai ya ajiye 27 kusa da 26 ya ce ga shi nan, zogale ya yi kunnen doki da nama. Abin da bai faɗa ba shi ne ya gwada busasshen gari ne da nama mai ruwa a jikinsa. Da kilishi ya kamata ya gwada, a nan kuwa tazarar a bayyane take. Na biyu, bai faɗi yawan da mutum ke iya ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa babban mutum yana bukatar giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato kimanin giram 50 ga mai nauyin kilo 60. Babban cokali guda na garin zogale bai wuce giram 7 ba, furotin ɗin cikinsa kuwa kimanin giram 2. Kafin a maye gurbin ƙwai guda, mai giram 6, sai an sha cokali uku. Kafin a maye gurbin giram 100 na dafaffen nama sai an haɗiye cokali 13 ko 14, ko kuma a cinye rabin kilo na dafaffen ganye, domin dafuwa tana sauke furotin ɗin ganyen zuwa kimanin giram 5 a cikin 100. Duk wanda ya taɓa zuba garin zogale cokali biyu a koko ya san ɗacinsa, ya kuma san abin da yawansa ke yi wa ciki. Babban mutum ma da ƙyar, balle yaro ɗan wata goma wanda cikinsa bai fi ƙaramin kofi ba.

Akwai kuma wani abu da ma'aikatan da ke karanta rahoton ɗakin gwaji ya kamata su sani. Adadin furotin da ake rubutawa a irin waɗannan rahotanni galibi ba furotin ake aunawa kai tsaye ba. Sinadarin naitirojin ake aunawa, sai a ninka shi da 6.25. A ganyaye, wani kaso na naitirojin ɗin ba a cikin furotin yake ba, don haka adadin yakan fito da ƙari. Sannan abin da ke cikin kwano daban, abin da hanji ya tsotsa daban. Furotin ɗin nama da ƙwai da madara jiki yana narkar da fiye da kashi 90 cikin 100 nasa. Na ganye yana ƙulle cikin ƙwayoyin halitta masu tauri, ga harza, ga sinadaran tanin da faitet da ke riƙe wani kaso su fice da shi. Saboda haka giram 27 na kan takarda ba giram 27 ba ne a jiki.

Ko da an warware batun yawa, da sauran rina a kaba, domin ba don furotin kaɗai ake cin nama ba. Bitamin B12 ba a samunsa a ganye ko hatsi ko wake. Daga nama da hanta da kifi da ƙwai da nono yake zuwa. Rashinsa yana haddasa ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi, kuma jaririn da uwarsa ke fama da rashinsa yana shan nonon da ba shi da isasshe. Zogale, komai yawansa, ba ya toshe wannan giɓi. Batun sinadarin ƙarfe ma haka yake. Wanda ke cikin nama da hanta nau'i ne da hanji ke karɓa cikin sauƙi, na ganye kuwa kaɗan ne ke shiga jini. An gwada wannan a Afirka ta Yamma. A wani bincike da masana a Dakar ta Senegal suka wallafa a 2011, an raba mata masu shayarwa da ke da ƙarancin jini gida biyu, aka ba wasu garin zogale giram 100 a mako har wata uku, wasu kuma aka ba su ƙwayar ƙarin jini. Jinin masu cin zogale ya ɗan ƙaru, amma bai kai na masu shan ƙwaya ba, kuma ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsu ba ta farfaɗo ba. A Najeriya, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano ƙarancin jini a kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Mai ciki da ta ajiye ƙwayar da aka ba ta a asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu saboda an ce mata shayin zogale ya wadatar, an cuce ta.

Abin lura shi ne girkin gargajiya bai taɓa yin wannan da'awa ba. A dubi kwaɗon zogale, wanda mata ke sayarwa a kasuwanni da tashoshin mota daga Dei-Dei har Katsina. Ana dafa ganyen, a tsane shi, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da barkono da ɗan mai. Dafuwar tana rage ɗaci da sinadarin okzalet da ke hana jiki cin moriyar kalsiyam. Man yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin bitamin A, wanda ba ya narkewa sai a cikin maiƙo. Ɗanyen tumatir yana kawo bitamin C da ke buɗe wa sinadarin ƙarfe hanya. Kaso mai tsoka na furotin ɗin kwanon kuwa daga ƙuli-ƙuli yake, domin gyaɗa tana da kimanin kashi 25 cikin 100, idan aka matse mai kuma adadin ya ƙaru sosai. A Nijar, inda ake noman zogale da ban-ruwa a kwarin Gulbin Maraɗi, musamman a Jiratawa, inda kuma Zabarmawa ke kiran irin wannan kwaɗo kopto, da tunkuza ko ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, ko a cuɗa shi cikin dambu. Mutanen da suka fi kowa cin zogale a wannan yanki sun ajiye shi a matsayin ganye, suna kuma nema masa abokin tafiya.

Idan ana neman furotin mai araha daga tsiro, ƙasar nan ba ta rasa ba. Wake yana da kimanin kashi 23 cikin 100, waken suya ya haura kashi 35, kuma ana iya cin su har a ƙoshi, a ƙosai da alala da awara. Daddawa tana nan. Garin kunun nan da ake kira Tom Brown, wanda ƙungiyoyin agaji ke koya wa iyaye mata a Arewa maso Gabas, hatsi ne da waken suya da gyaɗa. A cikin irin wannan haɗi ne cokali guda na garin zogale yake da gurbi mai kyau, yana ƙara bitamin da ma'adinai. Ko a nan ɗin, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 ta ce a riƙa ba su nama ko kifi ko ƙwai kullum. Ba lallai sai tsokar da ta gagari albashi ba. Ɗan yankin hanta, ko dakakken busasshen kifi, ko kirefish, ko ƙwai guda, ko nono, kowanne yana yin aikin da buhun ganye ba zai yi ba.

Masu sha'awar masana'antu za su ce ai maganar ta wuce garin ganye, ana nufin a tace furotin ɗin zalla a sarrafa shi ya zama abin da ke kama da nama, kamar yadda kamfanoni a Amurka da Turai ke yi da waken suya. Tunanin ba sabo ba ne. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masanin Ingila Norman Pirie na cibiyar binciken noma ta Rothamsted ya fara aikin matse ruwan ganye, a dumama shi, furotin ya dunƙule kamar cuku a tace. Ya shafe shekaru gommai a kai, an kuma gwada abin a Indiya da wasu ƙasashe masu tasowa. Abin da ya fito yana gina jiki, amma kore ne shar, yana ƙamshin ciyawa, injinsa na cin kuɗi, jama'a kuma ba su karɓe shi ba. Zogale bai tsira daga waɗannan matsaloli ba. Sai an tsinke kilo biyar ko fiye na ɗanyen ganye kafin a samu kilo guda na gari, daga nan kuma a fara aikin tacewa da wutar lantarkin da kowa ya san halinta. Bincike a kan haka abu ne mai kyau, jami'o'i su ci gaba. Amma duk mai taimaka wa minista da aka kawo masa takardar neman tallafin kafa masana'antar naman zogale, tambayar farko da ya kamata ya rubuta a gefen takardar ita ce nawa giram guda na furotin zai tsaya, idan aka gwada da na awarar da mata ke soyawa a bakin titin Gwagwa ba tare da tallafin kowa ba.

Yawancin kirarin da ake yi wa zogale, cewa ya ninka lemo sau kaza ya ninka madara sau kaza, ya bazu ne daga ƙarshen shekarun 1990, bayan aikin da Lowell Fuglie na ƙungiyar Church World Service ya yi a kudancin Senegal, da yaɗawar da wasu ƙungiyoyin agaji suka yi. Niyyarsu mai kyau ce, sun kuma jawo hankalin duniya ga bishiyar da aka raina. Sai dai tun a 2005 masanin Jami'ar Johns Hopkins, Jed Fahey, wanda shi kansa mai goyon bayan zogale ne, ya yi nuni da cewa da yawa daga cikin da'awar magani da ake jingina masa ba a tabbatar da su da gwaji mai tsauri a kan mutane ba. A Najeriya guguwar ta kaɗa sosai a farkon shekarun 2010, lokacin da Majalisar Binciken Albarkatun Masana'antu, RMRDC, da wasu jami'o'i suka shiga tallata nomansa, 'yan kasuwa kuma suka cika shaguna da shayi da ƙwayoyi da mai.

A nan ne batun lafiya ya shigo, kuma ya kamata a rarrabe. Dafaffen ganye a miya ko kwaɗo abinci ne da al'ummomi suka ci shekaru aru-aru, babu dalilin tsoratar da kowa a kansa. Gari da ƙwayoyi da tataccen ruwa wani abu ne daban, domin suna tara abin da ke cikin ganye mai yawa a cokali guda, kuma galibi ba a dafa su kafin a sha. A 2016 hukumomin lafiya na Amurka sun bi diddigin ɓarkewar cutar salmonela da ta kama mutum 33 a jihohi 23, suka gano cewa garin zogalen da aka sa a wani haɗin abin sha ne mafi kusantar zama tushenta. A watan Yunin 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Brazil, ANVISA, ta haramta sayar da kayan abinci masu ɗauke da zogale, tana mai cewa ba a gabatar mata da hujjar da ke tabbatar da rashin illarsu ba. Ana iya ganin matakin na Brazil ya yi tsauri, amma ya nuna cewa kalmar “daga tsiro yake” ba ta wadatar da hukumar da ta san aikinta.

Hanyar da gurɓata ke shiga ba ɓoyayyiya ba ce. Ganyen da aka shanya a ƙasa, kaji da awaki na ratsawa, ko a gefen titi mai ƙura da hayaƙin manyan motoci irin waɗanda ke zirga-zirga tsakanin Dei-Dei da Karmo, zai kwashi abin da ya kwasa. Damina a Abuja doguwa ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, ganyen da bai bushe da wuri ba kuwa yana yin fumfuna. Shanya a rana tsaka tana ƙona sinadarin bitamin A, shanya a inuwa kuma tana bukatar iska da tsabta. Bishiyar da aka shayar da ruwan kwata ko aka shuka kusa da juji tana iya ɗaukar dalma da makamantanta daga ƙasa. Shi kansa ƙuli-ƙulin da aka yaba a sama yana da nasa haɗarin, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, matsalar da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar wa maganin gona mai suna Aflasafe. Saiwa da ɓawon zogale kuwa ba abinci ba ne. Suna da sinadarai masu ƙarfi, an kuma san su a magungunan gargajiya na wasu ƙasashe da motsa mahaifa, don haka mai ciki ta nisance su. 'Ya'yansa da wasu ke taunawa kamar gyaɗa suna sa gudawa idan aka yawaita.

Akwai gargaɗin da ya shafi manyan ma'aikata kai tsaye, waɗanda da dama daga cikinsu ke shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari. Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna alamar cewa ganyen yana iya sauke sukarin jini. Wannan bai isa a ajiye magani ba, amma ya isa a sanar da likita kafin a haɗa garin da ƙwayoyin asibiti, kada sukarin ya faɗi fiye da kima. Haka masu shan maganin maƙoƙo. Sannan lambar NAFDAC da ake nunawa a jikin kwalba tana da bayani. Magungunan gargajiya da hukumar ta yi wa rajistar wucin gadi, masu lamba da ke ƙarewa da harafin L, an duba ne ko suna da guba, ba a tabbatar suna warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance da'awar ba, da ƙananan haruffan da ba kowa ke karantawa ba.

Dalilin da ya sa wannan magana ta shafi masu karanta wannan shafi shi ne a teburinsu ake tsara abin da yaran talakawa za su ci. Shirin ciyar da 'yan makarantar firamare na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016 a kan Naira 70 ga kowane yaro, daga baya aka ɗaga zuwa Naira 100, ya ƙunshi ƙwai a jadawalinsa. A tsakiyar 2024 ƙwai guda ya kusa Naira 200. Duk lokacin da aka zauna sake fasalin irin wannan shiri, ko abincin makarantun kwana, ko na sansanonin 'yan gudun hijira, ko na gidajen gyaran hali, jarabar a bayyane take: a soke ƙwai, a rubuta cokalin garin zogale, a ce adadin furotin bai canza ba. A takarda lissafin zai iya daidaita idan aka yi wasa da alƙaluma. A jikin yaro ba zai daidaita ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, sama da kashi 37 na 2018. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida saboda tamowa. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da sararin yin gwaji da abincin yara don a rage kasafi.

Majalisar Kula da Abinci Mai Gina Jiki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ke shugabanta, ta ƙaddamar da shirin N-774 a 2025 don kai aikin ga kowace ƙaramar hukuma. Idan saƙon ya iso AMAC, ya sauka a cibiyoyin lafiya na Jiwa da Gwagwa, ya kamata ma'aikaciyar jinya ta samu bayani guda marar harshen damo da za ta faɗa wa iyaye mata: a shuka zogale, a dafa shi, a sa wa yaro a abinci, amma kada a daina neman ƙwai ko kifi ko hanta, kada kuma a ajiye ƙwayar ƙarin jini. Fadar Sarkin Jiwa da limamai da shugabannin coci suna da bakin da jama'a ke saurara fiye da takardar ma'aikata, kuma a yankin da filayen noma ke komawa fulotai, bishiya biyu ko uku a bayan ɗaki ita ce gonar da ta rage wa mai haya.

Akwai kuma hanyar da zogale ke iya zama nama da gaske, wato ta cikin akuya da saniya da kaza. Gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun nuna cewa ganyen ƙari ne mai amfani a abincin awaki da shanun tatsa, musamman da rani lokacin da ciyawa ta bushe ta rasa furotin, ana kuma iya sa kaɗan a abincin kaji. Tumbin akuya yana narkar da abin da hanjin ɗan Adam ke kasawa. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka ƙirƙira a 2024, tare da cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, su ne suka dace su fitar wa masu kiwon gida da ma'auni a sarari: kaso nawa, ga wace dabba, a wane lokaci.

Saura aikin da ya fi kusa, wanda kuma ya fi sauƙi. Garin zogalen da ake ƙullawa a leda ana sayarwa a Karmo da Dei-Dei da ƙofar Sakatariyar Tarayya ba ya ɗauke da ranar da aka daka shi, balle inda aka shanya shi. NIPRD tana Idu, tafiyar 'yan mintuna daga waɗannan kasuwanni. Sakatariyar Lafiya ta Hukumar Babban Birnin Tarayya tana iya tattara samfura daga masu sayarwa, a damina da kuma a rani, a auna ƙwayoyin cuta da fumfuna da dalma da ainihin furotin ɗin da ke ciki, a wallafa sakamakon da Hausa da Gbagyi da Turanci. Daga nan NAFDAC da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, su fitar da ƙa'idar shanya da ƙullawa wadda mace mai tire za ta iya bi ba tare da an kore ta daga sana'a ba: gadon shanya da ya ɗaga daga ƙasa, rumfa, gidan sauro a rufe ganyen, da kwanan wata a jikin leda.